Motar Haya a Bayan Tirela: Nasiha ga Matasan da Ke Karɓar Ragowar Wa'adi a Amurka

A mafi yawan garuruwan Amurka, in aka cire manyan birane kaɗan irin su Niyok da Shikago da Boston inda jiragen ƙasa da bas-bas suka wadata, mutumin da ba shi da mota yana shan wahalar zuwa wurin aiki da makaranta da kasuwa, domin an shimfiɗa unguwanni nesa da juna bisa zaton cewa kowane gida yana da abin hawa. Saboda haka matasan da ke zuwa ƙasar daga Najeriya ko Nijar ko Gana domin karatu ko aiki ba sa daɗewa kafin maganar mota ta taso musu, kuma daga cikin hanyoyin da akan nuna musu akwai karɓar ragowar hayar wani, wato mutum ya maye gurbin wanda ya ɗauki mota haya ta shekaru amma ya gaji da ita, ko hali ya canza masa, kafin wa'adi ya cika. Hanya ce mai amfani ga wanda ya bi ta da lissafi, sai dai sau da yawa motar da ta dace da aljihu tana wata jiha mai nisan dubban kilomita, kuma yawancin asarar da akan yi a wannan harka tana shigowa ne tsakanin ranar da aka sa hannu a takarda da ranar da motar ta sauka daga tirela.

Kafin a shiga maganar jigila, wajibi ne a fahimci irin wannan haya. Kamfanin kuɗi, wanda galibi reshe ne na kamfanin da ya ƙera motar, kamar Toyota Financial Services ko Ford Credit ko BMW Financial Services, shi ne ke sayen motar daga hannun dila, sunansa ne ke kan takardar mallaka, sannan ya ba mai haya ita na tsawon wata 24 ko 36, wani lokaci fiye da haka, bisa sharaɗin biyan kuɗi kowane wata. Ana fitar da kuɗin watan ne daga faɗuwar darajar motar: tun ranar farko an ƙiyasta abin da za ta kai a ƙarshen wa'adi, mai haya kuwa yana biyan bambancin da ke tsakanin farashinta na farko da wannan ƙiyasi, tare da wani ƙari da kamfani ke ɗorawa, wanda a lissafi bai da nisa da kuɗin ruwa, abin da ya sa masu tsantseni sukan tambayi malamai kafin su shiga. Duk wanda ya karanta babin ijara a fiƙihu ya san cewa mai haya amfanin abu yake mallaka, ainihin abin kuwa yana nan na mai shi. Tun da kamfanin yana son motarsa ta dawo da darajar da ya ƙiyasta, yakan gindaya sharuɗɗa biyu masu nauyi. Na farko shi ne iyakar tafiya, wadda yawanci mil 10,000 ce ko 12,000 ko 15,000 a shekara, mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne, kuma kowane mil da aka ƙetare ana biyansa a ƙarshe, galibi tsakanin senti 15 da 30. Na biyu shi ne lafiyar jikin motar, domin duk lotsewa ko ƙwarzane ko tsagewar gilashi da ya wuce abin da kamfani ya ɗauka a matsayin tsufa na al'ada, wanda ya mayar da motar ne zai biya. Wata dokar tarayya ta 1976 ta wajabta wa kamfanoni su rubuta waɗannan sharuɗɗa a fili cikin yarjejeniya, saboda haka babu uzuri ga wanda bai karanta ba.

Mayar da haya hannun wani kuwa yana faruwa ne saboda fasa yarjejeniya kafin lokaci yana da tara mai tsada, har ya zama gara mai haya ya nemo wanda zai ci gaba da biya, ko da zai ba shi wani abu a matsayin ihsani. Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, haɗa mai son fita da mai son shiga, fitattu daga ciki su ne Swapalease da ke Sinsinati a jihar Ohayo da LeaseTrader da ke Mayami a Fulorida. Amma waɗannan masu haɗawa ne kawai. Kamfanin kuɗin da ya mallaki motar shi ne ke da maganar ƙarshe. Zai binciki tarihin bashin mai son shiga, ya duba makin da ake ba kowa gwargwadon yadda yake biyan basussukansa, wanda a ma'aunin FICO ya kama daga 300 zuwa 850, sannan ya karɓi kuɗin canja suna, wanda kan kai ɗaruruwan daloli. A nan ne sabon zuwa yakan ci tuntuɓe, domin wanda bai taɓa cin bashi a ƙasar ba ba shi da tarihin da za a duba, komai amanarsa a gida. Kamfanonin kuma ba su da doka ɗaya: wasu ba sa yarda da canja hannu sam, wasu ba sa yarda idan wa'adi ya kusa ƙarewa, wasu ba sa yarda a kai motar wata jiha, wasu kuma suna yarda amma su bar mai haya na farko da alhaki idan na biyu ya gaza. Tambayar kamfanin kai tsaye game da duk waɗannan, tun kafin a kashe ko sisi, ita ce matakin farko.

Abin da ya kamata matashi ya riƙe a zuciya game da jigilar ita kanta shi ne, daga lokacin da kamfani ya kammala canja suna har zuwa isowar motar, yana cikin wani matsayi mai rauni wanda mai sayen mota na al'ada ba ya shiga. Motar ba tasa ba ce, ta kamfani ce. Alhakinta kuwa, tun daga kuɗin wata har zuwa ƙaramin ƙwarzane a ƙofa, ya riga ya hau kansa. Tana kuma hannun mutum na uku, direban da bai taɓa gani ba, wanda ya karɓe ta daga mutum na huɗu, tsohon mai haya, wanda shi ma galibi ta waya kawai suka san juna. Idan motar ta iso da aibu, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilin cewa ba a hannunsa abin ya faru ba, kamfanin kuɗi kuwa ba ruwansa da wannan jayayya, domin a ranar mayarwa sunan mutum ɗaya ne a littafinsa. Abin da ke raba gardama a irin wannan hali shi ne shaidar da aka rubuta kuma aka ɗauki hotonta a duk inda motar ta fita daga hannu ta shiga wani, da kuma kiyaye abin da ya kamata ya gabaci wani.

Lissafi shi ne ya kamata ya gabaci komai. Daga Niyok zuwa Los Anjalis kimanin mil 2,800 ne, wato kusan kilomita 4,500, fiye da tafiyar Kano zuwa Legas sau huɗu, kuma ɗora mota a tirela a irin wannan zango yakan haura dala 1,000 sosai. Wannan kuɗi ba ya dawowa, saboda haka hanyar auna shi ita ce a raba shi a kan watannin da suka rage. Idan, a misali, jigila ta ci dala 1,400 alhali saura wata 14 wa'adi ya cika, to kamar an ƙara dala 100 ne a kan kuɗin kowane wata, kuma hayar da ake murnar samunta a dala 350 ta zama ta 450, tun ba a haɗa da kuɗin canja suna da na rajista ba, da kuma kuɗin mayarwa da yawancin kamfanoni ke karɓa a ƙarshe, wanda shi ma ɗaruruwan daloli ne kuma yana kan mai haya na ƙarshe. Da yawa daga cikin hayoyin da ke ɗaukar ido a nesa ba sa tsira daga wannan lissafi, kuma motar da ke cikin jiha ɗaya da mutum, ko da kuɗinta na wata ya ɗan fi, sau da yawa ita ce mai sauƙi. Wani zai ce ai sai ya hau jirgi ya je ya tuƙo ta da kansa, kuma a zangon da bai wuce tafiyar yini ɗaya ba wannan ita ce shawara mafi kyau, domin yana haɗa gani da ido da karɓa hannu da hannu. A dogon zango kuwa dole a sa kuɗin jirgi da mai da masauki na kwana huɗu ko biyar, a sa kwanakin aikin da aka rasa, sannan a tuna cewa mil 2,800 kusan rubu'in rabon shekara ne ga mai mil 12,000, wanda in aka kimanta shi a senti 25 kowane mil ya kai dala 700. Motar da ke kan tirela ba ta ƙara ko mil ɗaya a agogonta.

Idan lissafi ya fita, sai binciken motar, kuma lokacinsa kafin a sa hannu ne, domin bayan an sa hannu duk aibun da ke jikinta ya zama gadon sabon mai haya. Hotunan da mai son rabuwa da mota ya aiko ba shaida ba ce, tun da ba wanda ke ɗaukar hoton ɓangaren da ya lotse da son ransa. Gani ya kori ji, kuma wanda ba zai iya zuwa ba yana iya biyan makaniki mai zaman kansa ko garejin dilan wannan samfuri a garin da motar take, ya duba ta ya rubuto rahoto, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin tayoyi huɗu. Tayoyi sun cancanci a ambace su musamman, domin kamfanoni da yawa suna son zanen taya ya rage aƙalla kimanin milimita 3 a ranar mayarwa, kuma motar da ta yi shekara biyu tana tafiya tana iya kasancewa gab da wannan iyaka. A duba kuma adadin mil da ke agogo a gwada shi da rabon da yarjejeniya ta bayar, a nemi takardun juyen baƙin mai da sauran gyare-gyare, a kuma yi amfani da lambar jikin mota, mai haruffa da alƙaluma 17, a nemo tarihin haɗurranta daga kamfanoni irin su Carfax.

Daga nan sai a jira amincewar kamfani a rubuce, wadda kan ɗauki makonni. Gaggawa a nan tana da tsada ta fuska biyu: wanda ya biya kafin alƙalami ga mai jigila kafin amincewa ta fito yana iya rasa kuɗinsa idan aka ƙi shi, wanda kuma ya yarda aka ɗora motar alhali suna bai canja ba ya sa dukiyar kamfani a hanya ba da izini ba. Inshora ita ma dole ta fara aiki tun ranar da alhaki ya koma kansa, ko da motar tana can a ajiye, kuma kamfanonin haya sukan nemi inshora mai nauyi fiye da mafi ƙarancin abin da dokar jiha ta nema, wadda ta haɗa da lalacewar motar kanta da sata da gobara. Yana da kyau mutum ya tambayi kamfanin inshorarsa, ya kuma samu amsa a rubuce, ko kariyar tana bin motar yayin da take kan tirela.

Kasuwar jigilar motoci a Amurka tana da fuska biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai masu tirela, waɗanda da yawansu ƙananan kamfanoni ne masu mota ɗaya ko kaɗan, akwai kuma dillalai, waɗanda ba su da ko taya ɗaya, aikinsu shi ne karɓar buƙata su nemo mai tirelar da zai bi wannan hanya, kamar yadda ɗan kamasho ke haɗa kaya da direba a tasha. Yawancin sunayen da ke fitowa a sahun farko idan an yi bincike a intanet dillalai ne, kuma wannan ba laifi ba ne, domin da wuya mutum ɗaya ya gano da kansa wace tirela ce za ta tashi daga Arizona zuwa Minesota a makon da yake so. Dillali yana sanya motar ne a wani dandalin kasuwa na 'yan sana'a, mafi shahara shi ne Central Dispatch, tare da kuɗin da za a ba direba, direbobi kuwa suna zaɓar lodin da ya fi musu tsoka. Wanda ya gane haka ya gane dalilin da ya sa farashin da ya fi kowane sauƙi yakan zama tarko. Dillalin da ya faɗi kuɗin da bai kai na kasuwa ba domin ya kama ciniki ba zai samu direban da zai ɗauka ba, motar za ta yi ta zama, bayan mako ɗaya ko biyu kuma sai ya kira ya ce sai an ƙara, a lokacin da kuɗin hayar wata ya riga ya fara tafiya a kan motar da ba a hawa. Araha ba ta ado. Abin yi shi ne a nemi farashi daga wurare uku ko huɗu, a jefar da wanda ya yi ƙasa ƙwarai da sauran, a kuma ƙi biyan la'ada har sai an ba da sunan kamfanin tirela da ranar lodi.

Gwamnatin tarayya ta sauƙaƙa bincike a nan. Hukumar FMCSA, wadda aka kafa a 2000 a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri domin kula da manyan motocin haya, tana ba kowane mai jigila tsakanin jihohi lambar rajista, kuma kowa yana iya sa wannan lamba a shafinta na intanet ya ga ko izinin kamfani yana aiki, ko an yi masa rajista a matsayin dillali ko mai tirela, da motoci nawa yake da su. Tun 2013 doka ta wajabta wa kowane dillali ajiye lamuni na dala 75,000, bayan da yana 10,000. Sai dai akwai wani giɓi da mutane da yawa ba su sani ba. Inshorar da tarayya ta tilasta wa mai tirela ta shafi ɓarnar da zai yi wa mutane da dukiyarsu a hanya ne; inshorar kayan da ya ɗauko kuwa, tun 2011 ba ta cikin abin da hukumar ke tilasta wa yawancin masu jigila, in ban da masu kwashe kayan gida. Yawancin masu ɗaukar motoci suna da ita saboda dillalai suna nema, amma adadinta ya bambanta, kuma ana raba shi ne a kan dukan motocin da ke kan tirela. Saboda haka mai hankali yakan nemi takardar shaidar inshorar kaya ta ainihin kamfanin da zai ɗauka, ya kira kamfanin inshorar ya tabbatar tana aiki. A ranar lodi kuma wanda zai miƙa motar ya duba cewa suna da lambar da ke jikin ƙofar tirela su ne waɗanda aka faɗa, domin akwai wata zamba da ta yaɗu, inda wanda ya karɓi aiki ke sayar da shi a ɓoye ga wani direba da ba wanda ya bincika, idan kuma matsala ta auku sai a rasa wanda za a kama.

Zaɓi tsakanin buɗaɗɗiyar tirela, mai hawa biyu da ke ɗaukar motoci bakwai zuwa goma, da rufaffiya wadda ta fi tsada sosai, ba shi da wuya: ga motar yau da kullum buɗaɗɗiya ta wadatar, da ita ake kai sababbin motoci wurin dila. Abin da ya fi shafar farashi da lokaci shi ne hanya da yanayi. A ƙarshen kaka tsofaffin da ke gudun sanyin arewa sukan tura motocinsu Fulorida da Arizona, da bazara kuma su dawo da su, saboda haka kuɗi yana hawa a ɓangaren da cunkoso yake, ya sauka a ɗaya ɓangaren. A lokacin hunturu iska da ƙanƙara sukan rufe babbar hanya mai lamba 80 a jihar Wayomin da kan duwatsun Siyera Nebada. Direba kuma doka ta hana shi tuƙi fiye da awa 11 sai ya huta awa 10 a jere, akwai na'urar da ke rubuta lokacinsa, ga shi yana tsayawa yana sauke wata mota yana ɗora wata, shi ya sa ƙetare ƙasar daga gaɓa zuwa gaɓa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma duk ranar da dillali ya faɗa ƙiyasi ce. A gabashin ƙasar akwai jirgin ƙasa na Amtrak da ke ɗaukar mutum da motarsa daga Loton a Birjiniya zuwa Sanfod a Fulorida, mil 855 cikin dare ɗaya, amma sai mai motar yana cikin jirgin.

Ranar lodi ita ce ranar da sabon mai haya ya fi dogara ga wanda ba shi da sauran buƙata a wurinsa, wato tsohon mai haya, don haka ya kamata a daidaita da shi tun da wuri a kan abin da zai yi, har a jinkirta duk wani kuɗin da ke tsakaninsu sai bayan ya yi. Za a wanke motar, domin ƙura tana ɓoye ƙwarzane. Za a bar mai kimanin rubu'in tanki, saboda nauyin tirela gaba ɗaya bai kamata ya wuce fam 80,000 ba, kusan tan 36, kuma ana auna ta a hanya. Za a kwashe kaya daga ciki, tun da inshorar direba ba ta shafe su ba, a cire na'urar biyan kuɗin hanya irin ta E-ZPass don kada ta riƙa cin kuɗi a kowace ƙofa, a haɗa makullai biyu da littafin mota da wayar caji idan mai lantarki ce, domin duk wanda ya ɓata cikinsu kamfani zai nemi kuɗinsa a ƙarshe. Sannan sai takardar lodi, wadda 'yan sana'ar ke taƙaita sunanta da haruffan BOL, kuma ita ce rasiti, ita ce yarjejeniya, ita ce kuma rahoton lafiyar mota: direba yana zagaya motar yana sa alama a zanen da ke jikin takardar duk inda ya ga aibu, ya rubuta adadin mil, su biyu su sa hannu. Ya kamata a ɗauki hotuna da bidiyo na kowace kusurwa, har rufi da gefen ƙafafu da agogon mil, a aiko su tare da hoton takardar kafin tirela ta tashi. Wanda ke da ɗan'uwa ko aboki a wannan gari, ko ma wani daga jama'ar masallaci, ya roƙe shi ya tsaya a wurin.

Ranar sauka ta fi kowace rana haɗari, saboda murna da gajiya sun haɗu. Tirelar ta fi mita 20 tsawo, ba ta shiga lungu, don haka yawanci ana haɗuwa ne a filin ajiye motoci na wani babban kanti, sau da yawa da dare, direba yana sauri, yana kuma jiran cikon kuɗinsa, wanda bisa al'adar sana'ar ana biyansa nan take da tsabar kuɗi ko cakin banki. A wannan hali ne mutane ke sa hannu ba tare da dubawa ba, sa hannu a takardar da ba a rubuta komai a kanta ba kuwa shaida ce cewa mota ta iso lafiya. Abin da ya dace shi ne a nemi haɗuwa da rana, in bai yiwu ba a zo da tocila mai ƙarfi a tsaya ƙarƙashin fitila, a riƙe hotunan ranar lodi a waya, a zagaya motar a natse, a leƙa rufi da ƙasan bamba na gaba, inda aka fi samun rauni wajen hawa da sauka, a duba ko mai ya ɗiga daga motar da ke sama, a kuma gwada agogon mil da abin da aka rubuta. Duk abin da aka gani sabo a rubuta shi a takardar kafin a sa hannu, direba ma ya sa nasa, a karɓi kwafi. Hana direba kuɗinsa ba mafita ba ce, domin yana iya riƙe motar, kuma neman diyya hanyarsa daban.

Wannan hanya tana da doka tsohuwa, gyaran Karmak na 1906, wanda ya ɗora wa mai jigila tsakanin jihohi alhakin kayan da ya karɓa lafiya ya sauke da aibu, sai in ya nuna cewa ba sakacinsa ba ne kuma ɓarnar ta zo daga abubuwa ƙalilan da doka ta keɓe, kamar bala'i daga sama ko laifin mai kaya. Alhakin yana kan mai tirela, dillali galibi ba ya ciki. Ana shigar da buƙata a rubuce tare da hotuna da takardun lodi biyu da ƙiyasin gareji, doka ba ta yarda a ba mai kaya ƙasa da wata tara domin yin haka ba, kamfanin kuma dole ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya biya ko ya ƙi ko ya kawo tayi cikin kwana 120. Tun da motar ta kamfanin haya ce, ya kamata a sanar da shi idan ɓarnar babba ce, a kuma yi gyaran a garejin da zai yarda da aikinsa.

Isowar mota ba ta nufin an fara hawa. Lamba a wasu jihohi, kamar Kalifoniya, tana bin mota ne, a wasu kuwa, kamar Niyok, mai ita ne ke cire ta ya mayar wa hukuma kafin ya soke inshorarsa, saboda haka mota tana iya sauka babu lamba. Rajista a sabuwar jiha tana buƙatar takardar wakilci daga kamfanin haya, tun da shi ke riƙe da takardar mallaka, kuma aiko ta yana ɗaukar lokaci, don haka a neme ta tun motar tana hanya. Haraji kuma ya bambanta ƙwarai: yawancin jihohi, har da Kalifoniya da Fulorida, suna ɗora shi a kan kuɗin kowane wata, Niyok tana karɓar na dukan wa'adi tun farko, Teksas tana ɗora kashi 6.25 cikin ɗari a kan farashin motar gaba ɗaya, Oregon da Montana ba su da harajin ciniki, Birjiniya kuwa tana da harajin shekara a kan darajar mota. Sakamakon haka kuɗin watan da tsohon mai haya ke biya ba lallai ne ya zama shi ne na sabo ba, kuma kira ɗaya zuwa ofishin rajistar motoci na jihar da za a zauna yana warware wannan tun kafin a shiga.

Duk takardun da aka tara, daga rahoton makaniki zuwa takardun lodi da hotuna, a adana su har ƙarshen wa'adi, lokacin da kamfani zai turo mai duba motar ya lissafa aibunta. A lokacin ne kuma wani tunani ke zuwa wa matasa da yawa, na aika motar gida a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, kamar yadda ake aika dubban motocin da aka yi amfani da su. Motar haya ba ta fita haka. Hukumar kwastan ta Amurka tana neman a gabatar da takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin lodi, idan kuma motar haya ce ko akwai bashi a kanta sai da rubutaccen izinin mai ita, wanda kamfanonin haya ba su cika bayarwa ba. Wanda ke son motar ta kai gida sai ya saye ta tukuna a kan darajar da aka ƙiyasta a yarjejeniya, idan yarjejeniyar ta ba shi wannan dama, ya biya harajin jiharsa, ya jira takardar mallaka ta fito da sunansa, sannan ya nemi mai jigilar teku.